Akawu, Bawa da Fursuna: Tarihin Gajeren Labari a Rasha da Yadda Ya Shiga Jami'a

Gabatarwa

In aka ambaci Rasha a majalisa, abin da ya fi saurin faɗo wa mutane a rai shi ne bindiga ƙirar AK-47, ko kamfanin ƙarafa na Ajakuta, ko kuwa yaƙin da ya ɓarke tsakaninta da Yukren a 2022. Ba kowa ne zai tuna cewa wannan ƙasa tana da wata haja da ta fi duk waɗannan yin nisa a duniya ba, wato gajerun labaran da marubutanta suka rubuta tun daga wajen 1830. A jami'o'i da dama na Turai da Amurka akan keɓe zangon karatu guda sukutum ana nazarinsu, alhali wani labarin bai wuce shafi uku ba.

To, mene ne a cikin shafi uku da zai zaunar da farfesa da ɗalibansa har tsawon mako? Amsar tana cikin tarihi. A ƙasar da babu majalisar dokoki, jarida kuma ba ta fita sai mai tace rubutu ya sa hannu, gajeren labari ne ya zama ƙofar da ƙaramin mutum ya bi ya shiga littafi: akawun ofis, da bawan gona, daga baya kuma fursuna. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda abin ya faro, da yadda malaman jami'a suka ɗauke shi suka fitar da hanyoyin nazari waɗanda har yau ake amfani da su.

Ƙasar da Labarin Ya Tsiro

Abubuwa uku ya kamata mai karatu ya riƙe game da Rasha ta ƙarni na 19. Na farko shi ne matakan aiki. A 1722 Sarki Bitrus Mai Girma ya tsara ma'aikatan gwamnati da sojoji a kan matakai 14. Saɓanin namu, inda ake farawa daga mataki na 01 a yi sama, su na 14 shi ne na ƙasa, na 1 kuma shi ne ƙololuwa. Matakin mutum shi ke nuna irin kayan da zai sa, da irin gaisuwar da za a yi masa, har da yawan dawakin da za a ba shi in ya yi tafiyar aiki. Kafin 1845, duk wanda ya taka mataki na 8 ya shiga sahun masu asali ke nan, shi da zuriyarsa.

Na biyu shi ne bauta. Manoma miliyoyi suna ɗaure da gonar ubangidansu kamar bayin gandu, ana sayar da su, ana jinginar da su a banki. Da aka 'yanta su a 1861, adadin waɗanda ke hannun masu ƙasa ya kai kimanin miliyan 23.

Na uku shi ne tace rubutu. Yawancin abin da ake bugawa sai jami'in gwamnati ya karanta ya amince. Masu karatun ma ba su da yawa, domin ƙidayar 1897 ta nuna kimanin kashi 21 cikin 100 ne kawai suka iya karatu. Waɗannan 'yan tsiraru kuwa sun dogara ne da manyan mujallu masu fitowa wata-wata. Marubucin da ba shi da ikon ya ce tsarin ƙasa ya ruɓe, yana iya ba da labarin wani akawu da aka sace wa riga, ya bar mai karatu ya haɗa lissafin da kansa.

Fushkin da Gogol

Tun a 1792 Nikolai Karamzin ya buga labarin wata 'yar talakawa mai suna Liza wadda wani ɗan masu asali ya yaudara har ta faɗa tafki ta mutu. Labarin ya sa mutanen Mosko kuka, har suka riƙa zuwa ziyara bakin tafkin. Amma malamai sun fi ɗora asalin ginin a kan Aleksanda Fushkin (1799-1837). Wannan bawan Allah yana da jinin Afirka, domin kakan mahaifiyarsa, Abram Ganibal, yaro ne baƙar fata da aka kai wa Sarki Bitrus, ya girma har ya zama janar. A wata takarda da ya rubuta a 1742, Ganibal ya ce sunan garinsu Lagon. Wani masanin tarihi ɗan Jamhuriyar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjoji a 1996 cewa garin shi ne Logone-Birni da ke arewacin Kamaru, kudu da Tafkin Chadi, kodayake akwai masu riƙe da tsohon ra'ayin cewa daga yankin Habasha yake.

A kakar 1830 annobar kwalara ta tsare Fushkin a ƙauyen Boldino har wata uku. A nan ya rubuta labarai biyar waɗanda ya jingina wa wani mutum na ƙirƙira mai suna Belkin, aka buga su a 1831. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne "Mai Tsaron Zango". Samson Birin ma'aikaci ne na mataki na 14, aikinsa canza wa matafiya dawaki, kowane babba ya zo ya zazzage shi ya wuce. Ba shi da kowa sai 'yarsa Dunya. Wani hafsan soja ya yi ƙaryar rashin lafiya ya kwana biyu a zangon, da zai tafi ya tafi da ita. Uban ya bi su har babban birni, aka tura masa 'yan kuɗi a hannun riga aka kore shi. Mai karatu na jiran ya ji yarinya ta lalace, kamar yadda labaran wancan zamani suka saba ƙarewa. Sai Fushkin ya juya abin: Dunya ta zama uwargida mai 'ya'ya da keken doki, uban ne baƙin ciki da giya suka kashe. Ta zo daga baya, ta tarar da kabari.

Nikolai Gogol (1809-1852) haifaffen ƙasar Yukren ne, ya zo birnin Fitasbag neman aiki ya ɗan taɓa akawanci. A 1834 aka ba shi koyar da tarihi a jami'ar birnin, abin bai karɓe shi ba, ya bari a 1835. Cikin ɗaliban da suka zauna a ajinsa har da Turgenef, wanda za mu zo kansa. A 1842 Gogol ya fitar da "Shinel", wato doguwar kwat ta sanyi. Jarumin, Akaki Akakiyebic, ya tsufa a mataki na 9, taki ɗaya ya rage ya shiga sahun masu asali amma ba zai taɓa shiga ba. Aikinsa kwafar takardu, albashinsa rubul 400 a shekara. Kwat ɗinsa ta mutu har tela ya ce babu inda allura za ta kama, sabuwa kuma rubul 80 ce. Ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, ya riƙa tafiya da sanɗa don kada takalmi ya cinye. Ranar da ya fara sa sabuwar kwat, a daren 'yan fashi suka tuɓe ta. Ya kai kuka wurin wani babban jami'i, shi kuwa don ya burge wani tsohon abokinsa da ke zaune a ofishin, ya daka masa tsawa a kan me ya sa bai bi ta hannun sakatare ba. Akaki ya fita cikin iskar hunturu, zazzaɓi ya kama shi, ya mutu. Ofishinsu ba su sani ba sai bayan kwana huɗu da binne shi, kashegari aka ga wani a kujerarsa. Daga nan fatalwarsa ta shiga yawo tana fizge kwat daga kafaɗun mutane, ba ruwanta da matakin kowa.

Mu da muke aikin gwamnati ba ma bukatar tafinta a nan. Ana jingina wa Dostoyefski wata magana mai nuna cewa marubutan da suka biyo baya duk 'ya'yan wannan labari ne. Masu bin diddigi sun gano cewa a rubutun wani Bafaranshe, de Vogüé, maganar ta fara bayyana. Irin wannan bin sawu na daga cikin abin da jami'a ke koya wa ɗalibi.

Turgenef da Tolstoi

Iban Turgenef (1818-1883) ɗan masu ƙasa ne, mahaifiyarsa ta mallaki dubban bayi kuma ta yi suna wajen gallaza musu. Daga 1847 ya fara buga wasu labarai a mujallar Sobremenik da muryar wani maharbi mai yawo ƙauye-ƙauye yana ba da labarin mutanen da ya gamu da su. Babu wa'azi a ciki, babu zagin gwamnati. Abin da ya yi kawai shi ne ya nuna manomi bawa a matsayin mutum mai hankali, mai dabara, mai waƙa, wani lokaci ma ya fi ubangidansa tunani. Ɗaya bayan ɗaya labaran sun wuce ta hannun masu tacewa lami lafiya. Da aka haɗa su littafi guda a 1852 sai ma'anarsu ta fito fili, jami'in da ya sa hannu aka buga ya rasa aikinsa. A shekarar aka tsare Turgenef wata guda saboda ta'aziyyar da ya rubuta wa Gogol, sannan aka tura shi zaman dole a ƙauyensu. A tsaren ne ya rubuta "Mumu", labarin wani bawa kurma, Gerasim, wanda uwargijiyarsa ta sa aka raba shi da karyarsa, abu ɗaya tak da ya mallaka, har ya nutsar da ita da hannunsa. Masana na saɓani a kan ko labaran sun yi tasiri a zuciyar Sarki Aleksanda na Biyu da ya sa hannu a dokar 1861, amma sun yarda cewa sun canza yadda masu karatu ke kallon manomi.

Leo Tolstoi (1828-1910) ya shiga Jami'ar Kazan a 1844 don karatun Larabci da Turkanci, ya koma shari'a, ya fita a 1847 ba digiri. An fi saninsa da manyan littattafai, amma a 1886 ya fitar da gajeru guda biyu da ba sa tsufa. Ɗaya shi ne "Mutuwar Iban Iliyic", labarin wani alƙali da ya yi rayuwarsa duka bisa abin da mutane za su ce. Labarin ya buɗe ne da abokan aikinsa sun ji rasuwarsa, kowa ya shiga lissafin wanda za a ɗaga zuwa gurbinsa. Ɗayan kuwa na wani manomi ne, Fahom, da aka ce ya biya rubul 1,000 ya ɗauki duk ƙasar da zai iya zagayewa da ƙafa kafin faɗuwar rana. Kwaɗayi ya sa ya yi nisa, ya dawo da gudu ya faɗi matacce, rabonsa ya tsaya a tsawon kabari.

Cekof da Tsofaffin Ɗalibai Biyu

Anton Cekof (1860-1904) jikan bawa ne. Kakansa ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841. Mahaifinsa ɗan tireda ne a garin Taganrog, ya karye ya gudu Mosko saboda bashi. Anton ya shiga sashen likitanci na Jami'ar Mosko a 1879, ya gama a 1884, kuma da kuɗin 'yan labaran barkwanci da yake sayar wa mujallu ya riƙe gidansu. Editan mujallar Oskolki ba ya son labari ya wuce layi ɗari ko makamancin haka. Wannan matsi ne ya koya wa Cekof tsimin kalma.

Akwai labarinsa na 1883 da nake ganin kamar don mujalla irin wannan tamu aka rubuta shi, sunansa "Mai Ƙiba da Siriri". Abokai biyu da suka yi makaranta tare sun yi kiciɓis a tashar jirgin ƙasa bayan shekaru. Mai ƙiba ya fito daga cin abinci yana ƙamshi, siririn kuwa ya sauko daga jirgi niƙi-niƙi da kaya, da matarsa da ɗansa. Suka rungume juna har da hawaye, suka tuno sunayen tsokana na makaranta. Siririn ya shiga ba da labari: yana mataki na 8, albashi ba yawa, matarsa na koyar da kiɗa, shi kuma yana sassaƙa gidan taba na katako yana sayarwa rubul ɗaya. Sai ya tambayi abokinsa ina ya kai. Mai ƙiba ya ce mataki na 3. Nan take siririn ya sauya, ya ƙanƙance, ya tattara maɓallan rigarsa, ya koma ranka-ya-daɗe. Mai ƙiba ya roƙe shi ya bari, ai su abokan ƙuruciya ne. Ina! Da abin ya ishe shi ya miƙa hannu don sallama, siririn ya kama yatsu uku kawai yana rusunawa.

Ga inda nazarin jami'a ke da daɗi. Yadda labarin ya fara fitowa a mujalla a 1883 ba haka ya ƙare ba. A wancan zubin, mai ƙiba ne ya gano cewa siririn an turo shi ƙarƙashinsa, ya murtuke fuska ya yi masa faɗa. Da Cekof zai sa labarin a littafi a 1886 sai ya cire wannan. Ya bar babba da sakin fuska, ƙaramin ne da kansa ya rushe abotar. Zubin farko labarin mugun shugaba ne, wanda kowa ya saba ji. Na biyu ya taɓo abin da ya fi wuyar magani, wato tsoron da ya riga ya shige jinin mutum har ba ya bukatar mai tsawa. Malami kan ajiye wa ɗalibai zubin biyu a gabansu ya ce su nemo abin da ya canza, da abin da canjin ya haifar.

Haka yake a "Mutuwar Akawu", shi ma na 1883. Wani ƙaramin ma'aikaci ya yi atishawa a gidan wasan kwaikwayo ta fantsama a ƙeyar wani janar. Janar ya ce ba komai. Akawun ya yi ta komawa ba da haƙuri, yau da gobe, har janar ya fusata ya kore shi, ya koma gida ya kwanta ya mutu.

Daga 1888, da ya buga dogon labarinsa a kan tafiyar wani yaro cikin fadamun kudancin Rasha, Cekof ya bar barkwanci ya shiga sahun manya. A 1890 ya yi tafiyar kusan wata uku zuwa tsibirin Sakalin inda ake kai fursunoni, ya bi gida-gida ya cike katin ƙidaya kimanin 10,000. Labaransa na baya, irin su "Ɗaki na 6" na 1892, ba sa ƙarewa da aure ko hukunci. Sukan tsaya ne a tsakiyar rayuwa, su bar mai karatu da tambaya. Tarin fuka ya kashe shi a Jamus yana da shekara 44.

Yadda Labarin Ya Shiga Aji

An kafa Jami'ar Mosko a 1755, amma an daɗe malaman adabi suna fifita tsofaffin rubuce-rubuce da tarihin rayuwar marubuta. Sharhin sababbin labarai aikin 'yan mujalla ne, su kuwa abin da suke nema a labari shi ne jigo: me ya ce game da talaka, me ya ce game da mulki.

Canjin ya zo ne daga wasu matasa. A 1915 aka kafa wata ƙungiyar nazarin harshe a Mosko wadda Roman Yakobson ke ciki, a 1916 kuma wata ta tashi a Fitasbag, wadda a lokacin ake kira Fetrograd. Su ne aka sani da 'yan mazhabar siga. Tambayarsu ita ce, da me aka ƙera labarin? A 1917 Biktor Shuklofski ya kawo ra'ayin cewa aikin adabi shi ne ya mayar da abin da ido ya saba da shi baƙo, don a sake ganinsa. Ya kafa hujja da wani labarin Tolstoi inda doki ne ke magana, yana mamakin yadda ɗan'adam ke kiran abu nasa alhali ba shi ke kula da shi ba. Su ne kuma suka bambance tsakanin abubuwan da suka faru a labari bi da bi, da yadda marubuci ya jera su a takarda. Wanda ya yi nazarin zubi da tsari a ajin adabi ya ɗanɗani wannan ko bai san daga inda ya fito ba.

A 1919 Boris Aikenbom ya buga maƙalarsa a kan yadda aka ƙera labarin kwat na Gogol. Shekara saba'in da wani abu ana karanta labarin a matsayin kukan tausayin talaka. Aikenbom ya nuna cewa ƙashin bayansa murya ce: mai ba da labarin yana wasa da kalmomi, yana kwaikwayo, yana shiga wata magana ya fita, yana sa dariya sannan ya juya ya sa jiki ya yi sanyi. Ko sunan Akaki Akakiyebic an zaɓe shi ne don yadda yake kaɗawa a kunne. Aka yi ta musu a kan wannan, kuma musun ne ya zama darasi, domin ɗalibin yau ana so ya iya riƙe karatun biyu. A 1928 Biladimiya Furof ya ɗauki tatsuniyoyin Rasha 100 ya nuna cewa, duk da bambancin sunaye, ayyuka 31 ne ke maimaituwa a cikinsu bisa jeri ɗaya. Bayan an fassara littafin zuwa Ingilishi a 1958, masu nazarin tatsuniya a ƙasashe da yawa suka ɗauki wannan ma'auni suna gwada nasu.

Zamanin Sitalin

Juyin juya halin 1917 ya kawar da sarki, amma bai kawar da mai tace rubutu ba. Iban Bunin ya yi hijira zuwa Faransa, inda a 1933 ya zama ɗan Rasha na farko da ya sami kyautar Nobel ta adabi. Waɗanda suka zauna gida sun ga tasku. A 1930 aka matsa wa Shuklofski har ya fito ya janye ra'ayinsa a rubuce. A 1934 aka ayyana salo guda ɗaya da kowane marubuci zai bi, wanda zai nuna gurguzu na cin nasara. Ishak Babel, wanda labaransa na yaƙi suka fito a littafi a 1926, an kama shi a 1939 aka harbe shi a Janairun 1940, rubuce-rubucen da aka kwashe a gidansa kuma suka ɓace. Mikayil Zoshenko, gwanin barkwanci, jam'iyya ta yi tir da shi a 1946 saboda labarin wani biri da ya tsere daga gidan namun daji ya ga yadda mutane ke rayuwa, aka kore shi daga ƙungiyar marubuta. A 1949 aka raba Aikenbom da aikinsa a Jami'ar Leningrad.

Barlam Shalamof, wanda ya taɓa karatun shari'a a Jami'ar Mosko, an kama shi a 1929, aka sake kama shi a 1937 aka kai shi sansanonin haƙar zinariya na Kolima, can ƙuryar arewa maso gabas. Daga 1954 zuwa 1973 ya rubuta gajerun labarai a kan yunwa da sanyi da abin da suke mayar da mutum. An buga su littafi a Landan a 1978. Ya rasu a 1982, ba a fara buga su a ƙasarsa ba sai ƙarshen shekarun 1980. Ƙaramin mutumin da Fushkin ya samu a zango, Gogol ya samu a ofis, Shalamof ya same shi da lamba a bayan waya.

Daga Rasha Zuwa Sauran Duniya

Jami'ar Habad ta Amurka ta fara koyar da harsunan yankin Rasha a 1896, a Landan kuma aka buɗe makarantar nazarinsu a 1915. Wata Baturiyar Ingila, Constance Garnett, ta fassara labaran Cekof cikin littattafai 13 daga 1916 zuwa 1922, kuma ta hannunta marubutan Ingilishi da yawa suka san shi. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, Amurka ta tsorata ta yi dokar 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyon harsuna irin su Rashanci, sassan nazarin Rasha suka yawaita. Biladimiya Nabokof ya koyar a Jami'ar Konel daga 1948 zuwa 1959, aka buga laccocinsa na adabin Rasha a 1981. A 2021 marubucin Amurka George Saunders ya fitar da littafi daga darasin da ya shafe kimanin shekara 20 yana bayarwa a Jami'ar Sirakus, a kan labarai bakwai: uku na Cekof, biyu na Tolstoi, ɗaya na Turgenef, ɗaya na Gogol. Yaƙin 2022 ya taɓa fagen. A watan Maris na shekarar wata jami'a a Milan ta ƙasar Italiya ta ɗage darasi a kan Dostoyefski, suka ya yi yawa ta janye matakin. Malamai kuma suka ƙara mai da hankali ga asalin Gogol na Yukren, da yadda adabin Rasha ya kalli al'ummomin da daular ta mamaye.

Mu ma muna da igiya a wannan tarihi. A 1960 aka buɗe Jami'ar Abotar Al'ummomi a Mosko, wadda aka sa wa sunan Patrice Lumumba a 1961, 'yan Afirka da yawa suka yi karatu a can da sauran jami'o'in Sobiyet. A gida, jami'o'in Ibadan da Legas na cikin waɗanda suka buɗe darussan Rashanci. Su ma can sun karanci harshenmu: Rediyo Mosko ta yi shekaru tana watsa shiri da Hausa, a 1963 kuma aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olderoge na Leningrad. Yuri Sheglof, wanda ya buga littafin nahawun Hausa a Mosko a 1970, shi ne daga baya ya zama sanannen farfesan adabin Rasha a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka. Mutum ɗaya ya yi wa harshen Hausa da adabin ƙasarsa hidima da alƙalami ɗaya.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, mutanen da ba su da murya a majalisa sun same ta a shafi uku na mujalla, kuma sunayen Samson da Akaki sun rayu bayan an manta da yawancin janar-janar ɗin zamaninsu.

Ina da roƙo biyu ga ƙungiyarmu. Na farko, in an tashi saya wa ɗakin karatun makarantarmu littattafai, a sa tarin labaran Cekof da Gogol da Tolstoi a ciki, ba su da tsada kuma yaro zai iya gama labari ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Marubutan sun daɗe da rasuwa, haƙƙin mallakar asalin rubutunsu ya faɗi, saboda haka yayyenmu da suka yi karatu a Sobiyet suka iya harshen za su iya juya mana ko da guda goma zuwa Hausa kai tsaye. Na biyu ya shafi taronmu na shekara. A cikinmu akwai manyan sakatarori da kwamishinoni, akwai kuma wanda har yanzu yake mataki na 07, akwai wanda bai sami aikin ba ma. Babba ya saki fuska, wannan wajibinsa ne. Amma Cekof ya tuna mana cewa ƙaramin ma yana da nasa aikin, wato ya miƙa hannunsa duka biyar, ya kira abokinsa da sunan da ya san shi da shi a aji ɗaya. Ranka-ya-daɗe yana da wurinsa, a ofis ranar Litinin.

Allah ya ƙara mana zumunci, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.